Haraji: Me Ya Sa Hannun Da Ke Buɗe Wa Masallaci Yake Rufe Wa Gwamnati?

A Pakistan, tun shekarar 1980 da Janar Ziya'ul Haƙ ya kafa dokar zakka da ushiri, bankuna suke cire kashi 2.5 cikin ɗari daga asusun ajiyar duk wanda kuɗinsa ya kai nisabi. Ranar ɗaya ga watan Ramadan ake cirewa, a miƙa wa gwamnati ta raba wa mabuƙata. Abin da ya biyo baya sananne ne a ƙasar. Da Sha'aban ya doshi ƙarewa sai mutane su yi ta kwashe kuɗinsu daga banki, in azumi ya kwana biyu su mayar. Wasu kuma su cike takardar rantsuwa ta neman a tsame su daga cirewar. Kada mai karatu ya ɗauka marowata ne ko masu wasa da addini. Da sadakar mutanen nan gidauniyar Abdussattar Edhi ta tara ɗaruruwan motocin ɗaukar marasa lafiya da gidajen marayu a faɗin ƙasar. Da yawansu suna fitar da zakkar, amma da hannunsu, su kai wa wanda suka san halin da yake ciki. Hannun da zai karɓa ne ba su yarda da shi ba.

Na fara da wannan ne domin ya raba mana abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa, wato ƙin bayarwa da ƙin amincewa. Idan farillar da Musulmi ya yi imani za a tambaye shi a kanta ranar gobe ta gamu da haka don kawai ta biyo ta hannun hukuma, to ina ga haraji?

Kukan da gwamnatocin ƙasashe masu tasowa suke yi na ƙarancin kuɗin shiga gaskiya ne. Alƙaluman OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da mafi yawan mambobinta ƙasashe ne masu arziki, sun nuna cewa ƙasashen Afirka da take bibiya suna tara harajin da bai wuce kimanin kashi 16 cikin ɗari na dukiyar da suke samarwa a shekara ba, alhali ƙasashe masu arziki suna tara kimanin kashi 34. Najeriya ta daɗe a ƙasa da kashi 10 a wannan lissafi. Ko da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sake lissafin shekarar 2021, ta haɗa da wasu kuɗaɗen shiga da ba a sakawa a da, 10.86 ta samu. Bankin Duniya kuwa yana ganin sai ƙasa ta kai kashi 15 kafin ta iya riƙe makarantu da asibitoci da tsaro yadda ya kamata. Giɓin da ya rage da bashi ake cike shi, bashi kuma haraji ne da aka jinkirta wa 'ya'yanmu.

Inda nake rabuwa da su shi ne wajen gano cutar. Duk lokacin da jami'i ya hau mumbari sai ka ji ya ce mutanenmu ba su da al'adar biyan haraji, ana buƙatar wayar da kai. Daga nan sai a buga allunan talla, a sayi fili a rediyo. Amma da cibiyar binciken ra'ayin jama'a ta Afrobarometer ta tambayi mutane a ƙasashen Afirka 29 tsakanin 2011 da 2013, kimanin mutum bakwai cikin goma sun ce hukuma tana da haƙƙin karɓar haraji. Fiye da rabi sun ce gara a ƙara musu haraji muddin za a inganta ayyuka. Waɗannan mutanen dai, shida cikin goma sun ce da wuya mutum ya san abin da ake bin sa, uku cikin huɗu sun ce da wuya a san inda kuɗin yake tafiya, ɗaya cikin uku kuma ya ce yawancin ma'aikatan haraji ko dukkansu 'yan rashawa ne. Kan mai wannan amsa a waye yake. Ya yarda da hukuncin, mai zartarwar ne yake tuhuma.

Sannan cewa talaka ba ya biyan komai ƙage ne. A duba mai ɗan shago a kowane gari namu. Yana biyan kuɗin rumfa da kuɗin shara, yana yankar tikitin ƙaramar hukuma, yana biyan kuɗin ƙungiya. Ya koma gida, akwai kuɗin 'yan sintiri na wata. Taransifoma ta ƙone, an yi karo-karo. Famfo ya shekara bai kawo ruwa ba, 'yan garuwa ne abin dogaro, ko burtsatsen da wani mai hali ya haƙa. Makarantar gwamnati ta cika ta batse, ya kai yara ta kuɗi da ƙyar da jiɓin goshi. Kowane kati da ya saya na waya akwai harajin saye-saye na VAT a ciki, in ya tura naira dubu goma ta banki a cire naira hamsin. Direban da ya ɗauko albasa ko shanu daga Arewa zuwa Kudu shi ya san adadin shingayen da zai tsaya, wasu da rasit, wasu da gora kawai. Taiwo Oyedele, wanda ya shugabanci kwamitin gyaran haraji na shugaban ƙasa, da bakinsa ya ce nau'o'in haraji da ake karɓa a hukumance a Najeriya sun haura 60. Waɗanda ba na hukuma ba kuwa sai wanda ya gani.

Akwai wani bincike da Cristina Bodea da Adrienne LeBas suka yi a biranen Najeriya wanda ya taɓo wannan wuri. Sun gano cewa wanda ya taɓa cin moriyar aikin gwamnati ya fi yarda cewa biyan haraji wajibi ne a kansa, wanda kuma unguwarsa ce take samar wa kanta abin da ya kamata gwamnati ta samar, kamar tsaro, ya fi ganin babu abin da ake bin sa. Ai ba abin mamaki ba ne. Mutumin da ya sayi ruwansa da wutarsa da tsaronsa, in ka zo masa da takardar haraji, tambayar farko da zai yi ita ce, na mene ne kuma?

Mafi ciwo shi ne abin da ke faruwa a wasu ƙauyukan Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato, inda 'yan bindiga suke ɗora wa gari kuɗi kafin a yi shuka, su sake ɗorawa kafin a yi girbi, kuma sunan da ake kiran kuɗin da shi haraji. Manomin da ya sayar da akuyarsa ya biya wannan, ya samu ya kai buhu biyu kasuwa, sai ya tarar da mai yankar tikiti yana jiransa a bakin ƙofa. Ban san da wace fuska za a yi wa wannan bawan Allah wa'azin kishin ƙasa ba.

Kalmar ma kanta tana da ɗaci a bakin Bahaushe, kuma ɗacin ya girmi Najeriya. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa jangali da kuɗin gari da kuɗin salla da gaisuwa cikin abubuwan da yake tuhumar sarakunan zamaninsa da su. Da Turawa suka ci ƙasar a 1903 sai suka haɗe nau'o'in da suka tarar, suka mai da su haraji guda da ake karɓa ta hannun sarki da hakimi da dagaci da mai unguwa, kuma da kuɗin Bature za a biya. Neman wannan kuɗi na daga cikin abin da ya tura mutane noman gyaɗa da auduga, da haƙar kuza a Jos, da tafiya cin rani. Dattawa har yau suna ba da labarin magidancin da aka shanya a rana, da wanda ya bar gari cikin dare don kunyar a ɗaure shi gaban iyalinsa. A ƙasar Faransa, wato Nijar ta yau, harajin lanho da aikin tilas sun sa garuruwa da dama sun tsallako kudu. A gabashin Najeriya, jin cewa za a fara karɓar haraji daga mata ne ya tayar da boren matan Aba a 1929, aka harbe mata fiye da hamsin. A Abekuta, matan da Funmilayo Ransome-Kuti ta jagoranta sun yi ta zaman dirshan a fada kan harajin mata har Alake, sarkin garin, ya sauka daga karaga a 1949. Da aka kafa NEPU a 1950, zaluncin haraji da jangali na cikin manyan abin da Malam Aminu Kano da mutanensa suka yaƙa. Shi ya sa da Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su a 1979, talakawa suka ɗauki abin a matsayin 'yanci na biyu.

Ina ganin sokewar daidai ce. Haraji ne na ƙirga kai, wanda bai cika bambanta mai garke da mai akuya ɗaya ba, ga wulaƙanci a wajen karɓa. Sai dai akwai abin da ya tafi tare da shi wanda ba mu cika son faɗa ba. A zamanin En'e, duk da zaluncinta, baitulmalin Kano da kuɗin mutanen Kano ya kawo wa birni ruwan famfo da wutar lantarki a farkon shekarun 1930, kuma kowa ya san daga aljihun wa kuɗin ya fito. Da man fetur ya zo, sai kuɗi ya koma abin da ake rabowa duk wata daga Legas, daga baya Abuja. Gwamnan da ba ya buƙatar aljihun talaka ba ya buƙatar jin ta bakinsa sai ranar zaɓe. Shi ma talaka ya daina kallon kuɗin a matsayin guminsa, ya koma kiransa kuɗin gwamnati, kamar dukiyar da ba ta da mai ita. Wanda ya wawure su har kirari ake yi masa in ya ɗan yayyafa. Da a ce daga cinikin gyaɗar mutum aka yanka, da wuya ya yi wa ɓarawon kirari.

Wani gwaji da aka yi a birnin Kananga na ƙasar Kwango (Kinshasa) ya nuna cewa wannan magana ba hasashe ba ce. A 2016 gwamnatin lardin ta tura ma'aikata gida-gida karɓar harajin gidaje a wasu unguwanni, ta bar wasu, masanin tattalin arziki Jonathan Weigel kuma ya bi sawun abin da ya faru. A unguwannin da ba a shiga ba, mutum ɗaya cikin dubu ne yake biya. Inda aka shiga, masu biya suka haura kashi 11 cikin ɗari. Har yanzu kaɗan ne, amma abin lura yana wani wuri. Mutanen unguwannin da aka nemi haraji sun fi halartar tarukan da gwamnati ta kira, sun fi aika takardun auna aikinta, da kimanin kashi ɗaya cikin uku fiye da sauran. Suna zuwa suna tambayar ina hanya, ina ruwa, ina kuɗinmu. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma da alama sai kuturun ya biya yake samun bakin tuna wa wanzami.

To amma wa zai fara? Talaka yana cewa a yi aiki in gani in biya, gwamnati tana cewa a biya in samu na aiki. Ghana ta ɗanɗana ɓangarorin biyu. A 1995 gwamnatin Rawlings ta shigo da VAT a kan kashi 17.5, farashi ya tashi, jama'a suka fito zanga-zangar da aka sani da Kume Preko a Akara, aka rasa rayuka, gwamnati ta janye cikin 'yan watanni. A 1998 ta dawo da shi a kan kashi 10, bayan ta daɗe tana bayani, ya zauna. Da aka zo ƙari kuwa, sai aka ɗaura kowane ƙari a wuyan wani aiki mai suna. A 2000 aka ƙara kashi 2.5 don asusun ilimi na GETFund, a 2004 aka ƙara wani 2.5 don inshorar lafiya. Mutum yana iya nuna ajin da aka gina, yana iya fito da katin asibiti daga aljihu. Gani ya kori ji. A Najeriya ma muna da irin wannan a TETFund, wanda asalinsa harajin ilimi ne na kashi 2 da aka ɗora wa ribar kamfanoni a 1993 bayan gwagwarmayar ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU. Duk wanda ya shiga jami'a ko kwalejin gwamnati ya ga gine-gine da sunan asusun a goshinsu. A ganina shi ya sa, cikin duk harajin ƙasar nan, shi ne wanda malamai da ɗalibai suka tashi suka kare lokacin da aka ji ana shirin rage masa kaso.

Sai dai wannan dabara ba laya ba ce. A Ghana ɗin dai, daga baya gwamnati ta yi doka ta ƙayyade abin da ke shiga waɗannan asusu, asibitoci suka yi ta kukan bashin da hukumar inshora ba ta biya ba. Da aka zo 2022 aka ɗora harajin kashi 1.5 a kan tura kuɗi ta waya, wanda aka kira E-Levy, amanar ta riga ta zaizaye. 'Yan majalisa har dambe suka yi a kansa. Tura kuɗi ta waya kuwa shi ne bankin talaka a Ghana, tun daga 'yar kasuwar Makola ta Akara har zuwa 'yan'uwanmu na unguwar Nima da zangon Kumasi. Mutane da yawa suka koma riƙe tsabar kuɗi, abin da aka tara bai kama ƙafar abin da aka yi hasashe ba, aka rage shi zuwa kashi 1 a 2023, a 2025 John Mahama ya soke shi kamar yadda ya yi alƙawari a yaƙin neman zaɓe.

Tambayar da ta fi ƙona rai ita ce, ban da ni wa yake biya? Mutum yana iya jure nauyi in ya ga kowa ya ɗauki nasa. Abin da ba ya jurewa shi ne kashin dankali, babba a kan ƙarami. A Uganda, masu bincike tare da hukumar harajin ƙasar sun duba bayanan manyan jami'an gwamnati 71 masu kadarori da kasuwanci, suka tarar mutum ɗaya tak ya biya harajin kansa a shekarun da aka duba. Cikin manyan lauyoyi 60, 17 ne suka biya. A 2015 hukumar ta buɗe sashe na musamman don masu hannu da shuni, jami'anta suka riƙa zuwa suna zama da su ɗaya bayan ɗaya, cikin shekara guda aka tara fiye da dala miliyan biyar daga mutanen da ba su kai cikin ɗakin taro ɗaya ba. A Pakistan, binciken ɗan jarida Umar Cheema a 2012 ya nuna cewa kusan biyu cikin uku na 'yan majalisar tarayya ba su shigar da takardar harajinsu ba, abin da ya sa gwamnati ta fara wallafa abin da kowane ɗan majalisa ya biya daga 2014. A nan gida, Yemi Osinbajo yana muƙaddashin shugaban ƙasa a 2017 ya ce mutum 214 ne kacal a duk Najeriya suke biyan harajin naira miliyan 20 ko fiye a shekara, kuma dukkansu a Legas suke. A tsaya a yi tunanin wannan. Duk attajiran Kano da Kaduna da Anaca da Fatakwal da Abuja, babu ko ɗaya a lissafin. Malamin firamare kuwa ana yanke nasa tun albashi bai shigo hannunsa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ga kuma abin da kwamitin Thabo Mbeki, tsohon shugaban Afirka ta Kudu, ya ƙiyasta a 2015, cewa fiye da dala biliyan 50 ke sulalewa daga Afirka duk shekara ta haramtattun hanyoyi, mafi yawa ta dabarun manyan kamfanoni.

Wannan ne ya fashe a Kenya a 2024. Ƙudurin kuɗi na shekarar ya zo da harajin kashi 16 a kan burodi da wasu ƙarin, a daidai lokacin da matasa suke kallon 'yan siyasa a TikTok suna nuna agoguna masu tsada, suna zube damman kuɗi a wuraren taro. Sun laƙaba wa Shugaba William Ruto suna Zakayo, wato sunan wani mai karɓar haraji na cikin Linjila. An cire harajin burodin, amma wuta ta riga ta kama. Ranar 25 ga Yuni suka kutsa cikin majalisa, aka kashe mutane da dama, washegari Ruto ya ce ba zai sa hannu ba, bayan mako biyu ya sallami kusan dukkan ministocinsa. Kenya tana da bashi na gaske, tana buƙatar kuɗin. Amma mai cewa a ɗaure ciki, shi ake fara duba wa ciki.

Akwai kuma shi kansa mai karɓar. Talaka bai taɓa ganin ministan kuɗi ba, gwamnatin da ya sani ita ce saurayin da ya tare shi da littafin tikiti. A lardin Punjab na Pakistan an gwada ba ma'aikatan harajin gidaje lada gwargwadon abin da suka tara. Kuɗin shiga ya ƙaru sosai, amma da aka duba sai aka ga mutane ƙalilan ne aka ƙara wa haraji, mafi yawa kuwa cin hancin da suke bayarwa ne ya ƙaru, domin yanzu ma'aikaci yana da abin da zai yi asara in ya kau da kai, don haka farashin kau da kan ya tashi. Jihohinmu da suke miƙa tara haraji ga 'yan kwangila a kan kamasho ya kamata su san wannan. A Kananga an sake wani gwajin a 2018, aka ba masu unguwanni aikin karɓa a wasu wurare. Sun tara fiye da ma'aikatan gwamnati da kimanin kashi 44 cikin ɗari, saboda sun san gidan da zai iya biya da wanda ba zai iya ba, ko da yake an samu ɗan ƙarin cin hanci. Na san wasu za su ce to a mayar wa masu unguwanninmu aikin. Ni dai ina jin tsoro. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma mutuncin da masu unguwanni suke da shi yau wajen sulhu da shaida, wani ɓangarensa sun same shi ne bayan an raba su da jakar haraji.

Abin da ya fi burge ni shi ne na Firitawun, babban birnin Saliyo. Bayan Yvonne Aki-Sawyerr ta zama magajiyar gari a 2018, aka yi amfani da hotunan tauraron ɗan Adam aka ƙirga gine-ginen birnin, adadin da ke cikin rajista ya kusa ninkawa. Aka fito da ma'auni mai sauƙi na maki: girman gida, irin rufi da bango, unguwar da yake, ko akwai titi da ruwa. Takardar da za a kawo maka tana nuna yadda aka yi lissafin, kana iya ƙalubalanta, kuma a banki za ka biya, ba a hannun wani ba. Harajin gidajen da suka fi tsada ya ninka fiye da sau uku, na gidajen talakawa ya ragu da fiye da rabi. Gwamnatin tsakiya ta dakatar da shirin na wani lokaci a 2020, abin da ke nuna cewa gyaran da ya taɓa manya ba ya wucewa salin-alin.

Da wannan ma'auni ya kamata mu auna sababbin dokokin harajin Najeriya guda huɗu da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, waɗanda manyansu suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Akwai alheri a cikinsu, kuma adalci ne a faɗa. Naira 800,000 ta farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kanta. An yafe wa ƙananan kamfanoni harajin riba. VAT ya tsaya a kashi 7.5 duk da ƙudurin farko ya nemi a riƙa ƙara shi har ya kai 15, kuma an cire shi daga kayan abinci na yau da kullum da magani da harkar ilimi. An kafa ofishin sauraron koken masu biyan haraji. Amma a tuna a kan me aka yi babban faɗan. Da gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna a Oktoban 2024 suka yi watsi da ƙudurin, damuwarsu tsarin rabon VAT ce tsakanin jihohi. Damuwar tana da tushe, kuma a ƙarshe an daidaita a kan rabin kason jihohi a raba daidai, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi ciniki. Sai dai watanni aka kwashe ana muhawara a kan wa zai samu nawa, ban ji an yi rabin wannan muhawara a kan abin da mai biya zai gani a ƙasa ba. Sannan ana saura kwanaki dokokin su fara aiki, ɗan majalisar wakilai daga Sakkwato, Abdussamad Dasuki, ya miƙe a zauren majalisa ya ce abin da aka buga a jaridar gwamnati ya saɓa da abin da suka zartar. A dokar da duk nasararta ta rataya a kan yarda, wannan ba ƙaramar ɓaraka ba ce. Ba mamaki da jita-jitar cewa za a riƙa zarar kuɗi daga asusun mutane ta samu masu saurare a kasuwanni, duk da jami'ai sun sha musantawa.

Wani abin kuma, mafi yawan masu karɓar da talaka yake karo da su na jiha ne da na ƙaramar hukuma, kuma dokar tarayya ita kaɗai ba za ta ɗauke su daga hanya ba sai jihohi sun gyara nasu dokokin. A nan ne nake ganin za a iya fara wani abu ba tare da jiran Abuja ba. Masallatan Juma'a da yawa suna sanar da abin da aka tara a makon jiya da abin da aka kashe, wasu har a allo suke rubutawa, shi ya sa in an ce za a sayi sola ko a gyara rufi kuɗi yake fitowa. Kasuwannin mako irin na Maigatari da Illela da Mai'aduwa, ana iya ƙirga shanun da suka shiga kara da motocin da suka yi lodi a kowace ranar kasuwa. Babu abin da zai hana shugaban ƙaramar hukuma ya kafa allo a bakin kasuwa, a rubuta farashin kowane tikiti, da jimillar abin da aka tara a makon da ya wuce, da kason da za a bar wa kasuwar, sannan sarkin kasuwa da shugabannin 'yan kasuwa su zaɓi abin da za a fara yi da shi, rijiya ce ko makewayi ko magudanar ruwa kafin damina. Wanda zai ƙi wannan allo shi ne wanda yake da littafin tikiti biyu, kuma 'yan kasuwar sun san shi da suna.